Noman Suruki da Manjagarar Aro

Ba zan taɓa mantawa da wannan safiyar ba, kuma ko na so in manta, matan zumunta na cocin bayan kasuwa ba za su bari ba. Gara in sauƙaƙa muku tun yanzu: in wawan labarin nan kuke nema, kada ku wahalar da idanunku har ƙarshe, ga ni nan. Tsoho ne ni mai furfura har a gira, na yi aikin reluwe a Kafanchan har na ajiye, na aurar da 'ya'ya, na ga jikoki, amma wani ɗan littafi da bai kai kaurin yankan biredi ba ya tura ni na aikata abin da ko akuya ba za ta yi ba. (Ita akuya ci za ta yi ta wuce. Ba ta yawo da ashana a aljihu.)

Karatuna bai yi nisa ba. A aji huɗu na firamare na tsaya, saboda ni da lissafi mun kasa jituwa, malamin kuma ya goyi bayan lissafi. Amma ina karanta Hausar boko, a hankali, yatsa a kan layi, leɓe yana motsi. Bayan rasuwar matata Hajara (Allah ya jiƙanta, ta jure surutuna fiye da yadda aka wajabta wa ɗan Adam), gida ya yi mini faɗi, yini ya yi tsawo. Wata rana a bakin tashar mota na ga wani mutum ya baza ƙananan littattafai a kan buhu, tsakanin maganin ɓera da kalandar bara. Na sayi ɗaya don in riƙa yin fifita da shi. Da na isa gida na buɗe shafin farko, fifitar da ba a yi ba ke nan.

Labaran soyayya ne, amma na zamanin da, tun kafin layin dogo ya ratso ƙasar nan, lokacin da mutane ke zaune a kan duwatsu, fatake suna wucewa da jakunan gishiri da kanwa. Jikokina mata suna da nasu littattafan, masu kauri kamar bulo, inda saurayi ɗan mai kuɗi ne, dogo, fari, ba shi da aibi ko na ƙwayar acca, yana fitowa daga mota yana ƙamshi. Na gwada ɗaya, na ajiye. Me ya haɗa ni da wannan yaron? Ko a layin fansho ba za mu gamu ba. Su kuwa nawa ƙananan, jarumin ko dai maharbi ne mai tsoron kare, ko masaƙi mai ido ɗaya, ko maƙeri mai ɗingishi. Yarinyar kuma ba tauraruwa ba ce: tana ƙona tuwo, tana da saurin fushi, wani lokaci ma ta girme shi. Kuma da wannan aibin nasu ake son su, ba a jira sai sun gyaru.

Sannan gajeru ne. In na fara bayan azahar, kafin a kira magariba an ɗaura aure. A shekaruna mutum ba ya fara littafin da ba shi da tabbacin zai ga ƙarshensa. Kuma saboda gajartarsu babu wurin ɓuya: ko jarumi ya kai kowa tsoro, kafin a kai tsakiya dole ya buɗe baki ya faɗi abin da ke ransa, takarda ba za ta jira shi ba. Ina karantawa a ƙarƙashin mangwaron da ke kallon tsohuwar tasha, inda ciyawa ta cinye layi, awaki suna kwana a inda fasinjoji ke tsayawa da, sai in ji kamar zamanin maƙerin da nawa zamanin duk sun tafi wuri guda, suna can suna hira ba da ni ba.

Duk wannan bayanin rabin gaskiya ne. Sauran rabin sunanta Saratu.

Lokacin ina saurayi ni ne mai tuta a tasha, wato mai ɗaga koriyar tuta jirgi ya tashi, kuma har yau ban yarda akwai sarautar da ta fi wannan ba. Saratu tana makarantar horon malamai, tana hawa jirgi duk ƙarshen hutu. 'Yar wani mai wa'azi ce, gajera, mai wushirya, da tabo a haɓa inda ta taɓa faɗowa daga kan bishiya, ga baki kamar reza. Kullum a makare take zuwa. Wata rana direba ya riga ya yi busa sai ga ta ta ɓullo daga ƙofar tasha da akwatin ƙarfe a ka, tana gudu. Ni kuwa sai na duƙa na hau ɗaure igiyar takalmi. Takalmin roba ne, ba shi da igiya. Jirgi guda, da fasinjojinsa da buhunan doyarsa, ya tsaya jiran ƙafata har ta shiga. Na sha faɗa wurin shugaban tasha, kuma da daɗi na sha shi.

Daga nan muka saba. Tana ce mini Mai Tuta, ina ce mata Malama Latti. Matsalata ita ce duk maganar kirki da ta taso daga ƙirjina, kafin ta kai leɓe ta rikiɗe ta zama tsokana. In zan ce ta yi kyau, sai in ji ina tambayarta ko tela ya yi fushi da ita ne. Zan iya fakewa in ce ni Musulmi ne ɗan bariki, ubana daga Zariya ya biyo layin dogo, ita kuma 'yar mai wa'azi. Amma a garin nan a lokacin an yi irin wannan auren ba ɗaya ba, ba biyu ba, kuma an zauna lafiya. Tsoro ne kawai, tsoron kada in yi maganar gaske a yi mini dariya, ni da na saba yi wa mutane.

Wata rana ta zo tasha babu akwati. Ta tsaya kusa da tankin ruwa, ta ce mini wani malamin makaranta daga Kagarko ya aika manyansa wurin babanta. Ta faɗa, ta tsaya tana kallona. Na san me take jira. Wallahi na sani. Sai na ji bakina ya ce, "Allah ya ba bawan Allahn nan haƙuri."

Ta yi 'yar dariya, ta ce amin, ta juya. Ni mutum ne da ya saba kallon bayan jirgi, amma ban taɓa ganin abin da ya yi nisa da sauri kamar bayanta ba.

Ta yi aurenta, na yi nawa. Ba na ƙorafi, Hajara ta riƙe ni da mutunci. Amma akwai wani ɗan lungu a cikin mutum da ba a sharewa, ba a kuma shiga.

Bana, da ruwan farko, ina dara da abokina Luka, tsohon makanikin injin jirgi, sai ya tura dutsensa ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, "Saratu ya dawo." (Hausar Luka irin ta mutanen nan ce, mace da namiji duk ɗaya ne a wurinsa, har matarsa.) Matar tasa suna zumuntar mata ɗaya da Saratu a coci, don haka ba abin da bai sani ba. Mijinta ya rasu, ta yi ritaya daga koyarwa, ɗanta da ke Abuja ya nace sai ta koma wurinsa. Ita ta ce ba za ta je ta zauna a bene tana gadin talabijin ba. A ƙarshe suka yi yarjejeniya: za ta noma citta a gonar mahaifinta da ke bayan gari damina ɗaya. In ta iya, ya ƙyale ta ta zauna a Kafanchan. In abin ya gagara, ta haɗa kaya.

Ranar Luka ya cinye ni a dara har ya fara tausaya mini.

Na je yi mata gaisuwar rashi. Duk hanya ina shirya kalmomi masu nauyi. Na same ta a baranda tana tsince wake, ta ƙara gajarta, gashi ya yi fari, amma wushiryar tana nan, tabon yana nan. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Mai Tuta, ashe ba ka mutu ba." Na ce ai ke nake jira, na san ba kya zuwa ko'ina da wuri. Ta yi dariya har ta share ido. Na sha ruwa, na yi addu'a, na fito. Sai a hanya na gane shekara kusan hamsin ta wuce, haƙorana sun ragu, amma bakin nan shi ne dai na jiya.

A makon nan ne na karanta littafin maƙerin. Gurgu ne, ga in'ina, yana son 'yar wani dattijo da ke gindin dutse. Masu neman ta suna zuwa noman suruki da abokai da makaɗa, shi ba shi da kowa, kuma in ya tsaya gabanta sunanta ma ba ya fita. Sai ya tashi da sassafe shi kaɗai, ya je wata gonar dattijon da aka yi watsi da ita, ya share ta tas. Yarinyar ta zo ɗibar ruwa ta same shi jiƙe da gumi. A nan, da ƙyar, da in'inarsa da komai, ya faɗi abin da zai faɗa. Na karanta wurin har yatsana ya yi wa shafin datti.

Na tambayi Luka ko da gaske haka ake yi a da. Ya ce ƙwarai, shi kansa damina bayan damina ya yi wa surukinsa noma kafin a ba shi mace, har yau in hadari ya haɗu bayansa yana tuna masa. Ya ce a zamaninsu saurayi ba ya yawan magana, garmarsa ce ke yi masa. Da na san abin da wannan maganar za ta jawo mini, da na toshe kunne. Na ce a raina, to, ga hanya. Tunda bakina maƙiyina ne, bari in kai hannuwana su yi mini bayani.

Da yamma na bi tsohon layin dogo na je leƙen gonar. Abin da na gani ya karya mini zuciya. Gonakin maƙwabta duk an yi musu kunya tsaf, ƙasa ja tana sheƙi, ta Saratu kuwa kusan daga wannan gefe zuwa wancan busasshiyar ciyawa ce da ganyaye sun lulluɓe ta, ko ƙasa ba a gani. Na ce Allah sarki, mace ba miji, ɗa yana Abuja, damina ta kama amma ko sharar gona ba a yi mata ba. Haka za a zo a ɗauke ta.

A nan ya kamata in yi muku wani bayani, ba don in wanke kaina ba. A barikin reluwe aka haife ni, a nan na girma. Abin da na sani game da citta shi ne tana cikin shayi da kunu. Na sha ganin irin waɗannan gonakin ta tagar jirgi, shekara da shekaru, kuma kullum ina cewa a raina manoman nan akwai lalaci. Ban taɓa tambaya ba. Mutumin da ke tsayar da jirgi da hannu ɗaya ba ya tambayar manomi.

Na ari manjagara wurin Luka, na ce tsakar gida zan share. Ya dube ni ya ce tun yaushe. Na ce tsufa ne ke kawo tsabta.

Washegari da na idar da sallar asuba na sa tsohon kakina na aiki (ya shiga, maɓalli ɗaya ne ya ƙi ba da haɗin kai), na sa littafin a aljihun ƙirji, ashana a na wando, na kama hanya. Na fara aiki da bisimilla. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda ciyawar ke tasowa ba gardama, ko saiwa ɗaya babu. Mai hankali zai tsaya ya yi tunani. Ni cewa na yi ikon Allah, soyayya har ciyawa take sassauta wa. A ƙarƙashi ƙasar tana da laushi da sanyi, kamar an yi mata shimfiɗa. Can sai ƙamshin citta ya bugi hancina. Na ce lallai gonar nan mai albarka ce, tun ba a shuka ba tana ƙamshi.

Wani Bafulatani ya zo wucewa da shanunsa ta gefen layi. Ya tsaya, ya rataya hannuwa a sanda, ya daɗe yana kallona, sannan ya tambaye ni ko gonata ce. Na ce ta surukaina ce. Ya ƙara kallon gonar, ya ƙara kallona, ya ce, "To, Baba, Allah ya sawwaƙe," ya bi shanunsa. Na ɗauka addu'ar gajiya yake yi mini, har na ce amin.

Kafin rana ta yi zafi na yaye fiye da rabin gonar. Yawancin ciyawar na ja ta bakin iyaka, amma da bayana ya fara magana sai na tara wani babban tsibi a tsakiyar gona, na ce nan ma ya yi. Na ƙyasta ashana, na cinna wa na gefe, na cinna wa na tsakiya. Hayaƙi ya miƙe sama fari tas. Na tsaya riƙe da manjagara ina maimaita kalmomin da zan faɗa, har ina ɗan gwada ɗingishi, don in ga ko zai ƙara wa abin armashi.

Sai na ji waƙa.

Ta hanyar da ke gangarowa daga dutse suka fito, mata a jere, zani iri ɗaya, suna rera waƙar coci, kowacce da ƙaton damin busasshiyar ciyawa a ka. Saratu ce a gaba da lema a hannu. Na tsaya ina mamakin me ake yi da ciyawa haka, ga ta nan ina ƙonawa kyauta. Waƙar ta mutu daga gaba zuwa baya, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda taragai ke tsayawa in an ja birki.

Matar Luka ce ta fara jefar da daminta. Ba zan iya kawo muku duk abin da ta faɗa ba, don rabi da yarensu ta yi shi, amma na fahimci abin da ya kamata. An riga an shuka cittar. Tana nan a ƙarƙashin ƙafata. In an shuka citta dole a rufe ta da ciyawa da ganye, in ba haka ba rana ta dafa irin, ruwan sama ya wanke ƙasar. Wannan ciyawar da nake ƙonawa su ne suka yi makonni suna yankowa daga gindin dutse, suna ɗaukowa a ka, don taimakon 'yar'uwarsu. Yau ma sun zo ne su ƙarasa rufe kusurwar da ta rage. Irin kuma, tun ciwon da ya kashe citta a shekarun baya, da ƙyar aka samo shi.

Suka karyo rassa suka hau dukan wuta. Na matso zan taimaka, wata dattijuwa ta nuna mini wani dutse ta ce, "Baba, don Allah zauna. Ka taimaka ya isa." Na zauna. Wata kuma, maimakon reshe, waya ta ɗaga.

Saratu ba ta ɗaga murya ba. Ta naɗe lemarta, ta je bakin tokar tsakiyar gona, ta tsuguna, ta tona da yatsa, ta ciro ɗan guntun citta. Ta shinshina, ta juya shi a tafin hannu, ta ce wannan ya dahu, saura sukari. Sannan ta dube ni.

"Mai Tuta, wa ya aiko ka?"

Duk kalmomin da na haddace suka watse. Da na yi shiru da ya fi. Amma sai hannuna ya shiga aljihu ya zaro littafin, na miƙa mata kamar mai gabatar da shaida a gaban alƙali. Ta riƙe shi nesa da ido, ta duba hoton bangon, gurgu da garma da yarinya da tulu. Matar Luka ta leƙo ta kafaɗarta, ta dubi hoton, ta dubi kakina da manjagarar mijinta, sai ta dafa ƙirji.

"Jama'a, noman suruki ya zo yi."

Ban san mata masu shekaru suna iya dariya haka ba. Wata ta zauna a kan daminta, wata ta riƙe cikinta tana kiran sunan Yesu. Matar Luka ta share hawaye ta ce, "Baba, ai surukin naka ya daɗe a maƙabarta. Da can ka je ka yi sharar, da mun gode."

Saratu kaɗai ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Ta sa littafin a jakarta, ta ce rana tana hawa, abin da aka yaye dole a rufe shi yau, ko da ganyen mangwaro ne. Suka warware dammunan da suka kawo suka hau shimfiɗawa, ba su ko isa rabin ɓarnar ba.

Kafin azahar hotona ya isa Abuja. Da yamma Luka ya zo karɓar manjagararsa, ya gaya mini ɗan ya bugo waya ransa a ɓace. Ya ce zai zo ƙarshen wata ya duba da idonsa, in citta ba ta tsiro ba, a motarsa uwarsa za ta koma. Luka ya so ya tsokane ni, ya ga fuskata ya fasa. Na zauna a ƙofar gida ina kallon hannuwana. Sau ɗaya na tsayar mata da jirgi, ina saurayi. Sau ɗaya na bar ta ta tafi saboda bakina. Yanzu ga shi da hannuna na sake ɗaga mata koriyar tuta.

Daga washegari na zama mai ɗaukar ciyawa. Ba wanda ya sa ni, ba kuma wanda ya hana ni. Kullum da safe in tafi gindin dutse da lauje, in yanka, in ɗaure, in ɗora a ka, in gangaro ina nishi. Luka ya bi ni, wai don kada in ƙona dutsen ma. Matan suka koya mini yadda ake shimfiɗawa, kada ta yi kauri ta hana tsiro fita, kada ta yi shara-shara rana ta ratsa. A kasuwa suna ya canza, Mai Tuta ya mutu, aka haifi Surukin Citta. Har a masallaci wani ya tambaye ni, fuska a ɗaure, ko zan iya zuwa in share masa rufin ɗaki. Saratu kuwa tana ba ni ruwa in na sauke dami, tana ce mini sannu, shi ke nan. Ni ma, karo na farko a rayuwata, ba ni da abin tsokana.

A kan hanyar dutsen nan ne na yi wa littattafaina hisabi. Marubutan nan suna da wayo: suna zaɓa wa jarumi aibin da ba ya ƙona gonar kowa. Ɗingishi, in'ina, ido ɗaya, duk abubuwa ne da mutum ke ɗauke da su shi kaɗai. Ba su taɓa rubuta mai aibi irin nawa ba, mutumin da ya gwammace ya yaye gona guda da ya yi tambaya ɗaya. Kuma na lura da abin da na tsallake a labarin maƙerin: shi ya san gona, kuma bayan ya gama sharar, magana ya yi. Ni aikin na kwaikwaya, na bar maganar.

Duk da haka ban daina son su ba. In mutum ya kai inda na kai, yana buƙatar wani ya riƙa gaya masa, ko da a takarda mai arha ne, cewa ana iya son mutum da tabonsa, kuma ba sai an ɗauki shekara hamsin ba.

Allah ya rufa asiri. Ana saura kwanaki ɗan ya zo, na iso da safe na ga wasu korayen tsinkaye sun huda ciyawa, sirara, a tsaye kamar allurai. Nan da nan suka bazu ko'ina, har inda na yaye. Wuri ɗaya ne kawai ya ƙi, da'irar tsakiyar gona inda na tara babban tsibi, baƙa, sanƙo kamar kaina. Ɗan ya zo da takalmi mai sheƙi, ya zagaya gonar, ya tsaya a bakin da'irar ya tambayi uwarsa wannan fa. Ta taɓa haɓarta ta ce ita ma da nata tabon ta rayu, kuma bai hana ta cin tuwo ba. Ya harare ni, na gaishe shi da ladabi kamar shi ne babba. Ya koma Abuja shi kaɗai. An bar ta har a haƙe citta, daga nan a sake magana.

Da la'asar ranar, bayan kowa ya watse, muka rage ni da ita a bakin da'irar. Ta buɗe jaka ta miƙo mini littafina. Ta ce ta karanta, ba laifi, sai dai mai buga shi yana buƙatar bulala. Na buɗe na ga ta bi kurakuran rubutun duk ta zagaye su da jan biro. Na ji wata tsokana ta taso mini, mai daɗi kuwa, ta zo har leɓe. Na haɗiye ta. Ban taɓa haɗiye abu mai wuya haka ba.

Na ce, "Saratu, ranar nan a tasha, da na duƙa ɗaure takalmi, ba shi da igiya."

Ta ce, "Na sani. Na gani ta taga."

Na ce, "Tun ranar nake sonki. Ban daina ba."

Haka ya fito, ƙanƙane, ba ado, har da in'ina kamar maƙerin. Ta tsaya tana kallon baƙar ƙasar nan, tana juya lemar a hannu. Can nesa shanun Bafulatanin suna tsallaka layin da jirgi ya daina bi. Na buɗe baki zan ƙara wani abu, sai ta ɗaga hannu kamar yadda take yi wa 'yan aji.

"Abin da na tsaya a tasha ina jira ka buɗe, ka bar shi a rufe shekara hamsin. Abin da na rufe da hannuna kuwa, safiya ɗaya ta ishe ka. Yanzu ka gaya mini wane ne Latti a cikinmu. Gobe akwai cirar ciyawa, ta gaske wannan karon. Ka zo da wuri, ka bar ashana a gida."